Mu Ke Kwashe Bolar Ikko, Amma Yaranmu Ba Su San Inda Ake Jefa Leda Ba

Zuwa ga 'yan uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, da na Sabo ta Ibadan da ta Shagamu, da sauran zangunan da neman halali ya kai mu.  

Yau maganar shara zan yi, kuma ba da lallashi zan yi ta ba, domin an daɗe ana lallashi kwata tana ƙara cika. Abin da nake son faɗi guda ɗaya ne. Wajibi ne makarantun da muke da iko da su a unguwanninmu, wato Islamiyyu da makarantun allo da firamaren kuɗi da 'yan uwanmu suka buɗe, su riƙa koya wa yara yadda ake rage shara da yadda ake rarraba ta, kowane mako, cikin harshen Hausa. Kuma malamin da ya fi cancanta a gayyato don wannan darasi shi ne mutumin nan da muke yi wa kallon banza, wato ɗan bola. Wanda ransa ya ɓaci da jin haka ya daure ya karanta har ƙarshe, sannan ya yanke mini hukunci.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Hukumar kwashe shara ta Legas, LAWMA, ta sha faɗin cewa garin yana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana ta Allah. Cikin wannan tsibi, abin da yake da sauran amfani, ƙarfe ne ko gwangwani ko gorar roba ko kwali, sau da yawa hannun ɗan Arewa ne yake fara ɗaga shi. Ku dubi masu tura baro suna zagaya layuka tun da sanyin safiya, ku dubi rumfunan awo na 'yan gwangwan, ku tambayi duk wanda ya taɓa shiga bolar Olusosun da ke Ojota ko bai ji Hausa tana tashi a can ba. Su kansu masu garin in sun tara tsohon ƙarfe a bayan gida, “aboki” suke jira ya zo ya saya. Ke nan sana'ar mayar da shara dukiya a wannan gari ba za a ba da labarinta ba sai an ambace mu.

To amma ka bar wurin awon ka shigo layinmu, ka tsaya a bakin makaranta lokacin tara. Yaro zai sayi fiya-wata, ya huda da haƙori, ya shanye, ya saki ledar a inda yake tsaye, ko ya juya bai juya ba. Yarinya za ta gama cin awara ta cilla leda a kwata, malami yana kallo bai ce komai ba, don shi ma tasa ledar tana ƙarƙashin benci. Wanda aka aika zubar da shara da daddare, lambatu yake nufa, musamman in hadari ya haɗo, wai ruwa ya tafi da ita. Ina ruwan zai kai ta? Ƙofar gidan wani ɗan uwanka da ke gangare, daga nan kuma ta dawo maka da sauro da amai da gudawa. Al'ummar da ta fi kowa sanin kuɗin gorar roba ita ce take renon yaran da ba su san gorar roba tana da wurin ajiya ba. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne.

Kada wani ya ɗauka maganar ƙawa ce kawai. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Legas ta garƙame kasuwar Mile 12 da ta Owode Onirin saboda ƙazanta, kuma duk wanda yake da buhun tattasai ko kwandon timatir a ciki ya san cewa kayan gwari ba sa jira a gama sulhu da gwamnati. A Ibadan, ambaliyar 26 ga Agusta 2011 ta kashe mutum fiye da 100, kuma cikin dalilan da aka lissafa har da toshe rafuka da magudanan ruwa da shara, abin da dattawan garin suka riga suka gani tun ambaliyar Ogunpa ta 1980. A damunar 2024 kwalara ta ɓarke a Legas ta ci rayuka. Ruwa da cuta ba sa tambayar ƙabilar mutum kafin su shiga ɗakinsa, amma unguwar talaka mai cunkoso suke fara ziyarta, kuma mun san irin unguwannin da mafi yawanmu muke ciki.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai a matsayinmu na waɗanda ake kira baƙi. Rikicin Idi-Araba na 2002, da na Mile 12 na 2016, da na Shasha a Ibadan na 2021, kowanne da abin da ya haddasa shi. Amma ku tuna irin maganganun da ke biyo bayan kowace fitina: sun cika mana gari, sun ɓata mana unguwa, a tashe su. Bayan rikicin 2016 ne gwamnati ta fito da maganar mayar da kasuwar Mile 12 zuwa Imota. Wanda yake neman dalilin korarka ba zai rasa ba, gaskiya ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace kwata da muka toshe da hannunmu, hujja ce muka miƙa kyauta ga mai son ganin bayanmu.

Yanzu bari in juyo kan masu musu, domin na san su, muna zama a majalisa ɗaya. Kashi na farko su ne masu cewa wannan ai tsirfar Turawa ce, an raɗa mata suna “risaikilin” don a ci kuɗin ƙungiyoyin waje, kuma Islamiyya ba wurin irin wannan ba ce. Ga waɗannan nake cewa: ku koma gida da tunaninku. Su wa suke shigowa birnin Kano da jakai da rani suna kwasar juji suna kai wa gona a matsayin taki? Bature ne ya koya wa maƙeranmu yin fitilar aci-bal-bal da gwangwanin madara? Wa ya ƙirƙiro guga da takalmi daga tsohuwar taya? A gidajen da muka tashi, ragowar tuwo ɗumame ne, dusa da ƙasari na dabbobi ne, toka tana da aikinta, kwalbar magani takan koma ta man gyaɗa, tsohon zane ya zama tsumman goyo kafin ya zama na goge ɗaki. Kakanninmu ba su san wata kalmar Turanci ba, amma da wuya ka ga abin da suka jefar yana da sauran amfani.

Abin da ya canza shi ne kayan da ke hannunmu. Da can abin da Bahaushe yake yarwa ganye ne da ɓawon gyaɗa da fasasshiyar ƙwarya da tsohon faifai, in akuya ba ta cinye ba ƙasa za ta cinye kafin damina ta zagayo. Saboda haka yar da abu a ƙasa bai zama laifi a idonmu ba. Sai leda da roba suka shigo, abubuwan da ƙasa ba ta ci, waɗanda za su iya shekaru aru-aru suna nan, mu kuma muka ci gaba da yarwa da hannun da muka saba yar da ganye. Kaya sun canza, ɗabi'a ba ta canza ba. Ɗabi'a kuwa ba a canza ta a jikin ɗan shekara hamsin da sanarwar rediyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa nake maganar makaranta.

Batun cewa Islamiyya ba wurinsa ba ne kuwa, ina jin kunyar amsa shi. Littattafan fiƙihun da yaranmu suke farawa da su, irin su Ahalari da Ishmawi, tun a shafukan farko ake shiga maganar tsarki. Yaro ɗan shekara goma zai lissafa maka ruwan da ya halatta a yi alwala da shi da wanda bai halatta ba, amma wurin alwalar makarantarsu ya toshe da ledar fiya-wata, ruwa ya kwanta ya yi kore. Muna koya masa cewa almubazzaranci haramun ne, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, sannan mu tashi daga walimar sauka ko taron Maulidi mu bar titi kamar an yi ruwan leda, maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba suna tsallakawa suna kallonmu. Wane wa'azi muka yi musu ke nan? In ana cewa tsafta cikon addini ce, to malamin da ya koyar da tsarkin jiki ya yi shiru kan tsarkin layi, rabin darasi ya bayar.

Kashi na biyu da nake da faɗa da su su ne masu bikin shekara-shekara. A wata makaranta a unguwarmu na ga yadda ake yi. Ranar 5 ga Yuni, wadda ake kira ranar muhalli ta duniya, wasu samari da 'yan mata suka zo da mota, suka raba wa yara riguna, suka jera kwandunan shara uku masu launi daban-daban, aka koya wa yara wata waƙa da Turancin da rabinsu ba su fahimta ba, aka ɗauki hotuna. Da aka gama aka raba lemon roba da biskit. Kafin la'asar filin makarantar ya fi yadda aka same shi datti, mai gadi ya tattara abin da ke cikin kwandunan uku ya haɗe wuri guda ya cinna masa wuta a bayan aji. Bayan mako biyu kwando ɗaya ya koma wurin tara ruwa, sauran biyun ba a san inda suka yi ba. Me yaro ya koya a nan? Ya koyi cewa maganar shara wasa ce da ake yi in baƙi sun zo da kyamara.

Ba ina cewa duk mai wannan aiki mayaudari ba ne. Akwai waɗanda suka yi abin a zo a gani, kuma sirrinsu shi ne sun haɗa shi da rayuwar yau da kullum. Kamfanin Wecyclers da Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa a Legas a 2012 ya fara ne da kekuna masu ɗaukar kaya, ana bi gida-gida a unguwannin talakawa ana auna roba da gwangwani, ana rubuta wa mai gida maki da zai canza ya karɓi kaya ko kuɗi. A 2019 kafafen labarai suka yi ta ruwaito labarin makarantar Morit da ke Ajegunle, inda iyaye suke rage kuɗin makarantar 'ya'yansu da gorunan roba, da haɗin gwiwar ƙungiyar African Clean Up Initiative. A Japan kuwa ɗalibai ne suke share azuzuwansu da kansu, a matsayin wani ɓangare na karatun kowace rana. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya yi firamare a da ya san tsintar takardu da safe kafin a shiga aji, almajiri kuma ya san sharar tsangaya. Abin da ake maimaitawa shi ke zama hali. Riga kuwa wanki uku take yi ta koɗe.

Mun ma ga inda tilas ta ƙare. Sharar ƙarshen wata da ta samo asali daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, wanda aka ƙaddamar a 1984, ta ɗauki shekaru fiye da talatin ana tsare mutane a gida ranar Asabar, har gwamnatin Legas ta soke ta a 2016. Da yawanmu barci muke yi a waɗannan awoyi, ko mu fito da tsintsiya in mun hango jami'i. Bulala da tara suna sa mutum ya yi shara, amma ba sa sa shi ya ji ƙyamar yar da leda in babu mai ganinsa. Wannan ƙyamar tun ana yaro ake shuka ta.

To, ga inda zan taka sawun wasu. Mun mayar da kalmar “ɗan bola” zagi. Uwa takan ce wa ɗanta, in ba ka yi karatu ba ɗan bola za ka zama. Malami yakan faɗi haka a aji yara su kwashe da dariya, alhali wataƙila a cikin ajin akwai wanda da kuɗin bola mahaifinsa ya biya masa kuɗin wata. Ku dubi abin da muke dasawa a zuciyar yaro: wanda ya sunkuya ya ɗauki leda shi ne ƙasƙantacce, wanda ya jefar ya wuce shi ne mai daraja. Bayan mun gama wannan tarbiyya sai mu zo muna mamakin dalilin da ya sa ba ya ɗauka. Ba za ka taɓa koya wa yaro girmama tsafta ba kana wulaƙanta mai yin ta a gabansa.

Kuma wallahi mutumin nan yana da ilimin da babu shi a allon malaminmu. Da ɗan mayen ƙarfe a aljihu yake bambance baƙin ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe, don na farkon ne kaɗai yake mannewa. Ya san farar gorar ruwa ta fi mai launi daraja wurin masu saye, ya san kwali in ya jiƙe ya lalace, ya san roba iri-iri ce kuma ba a haɗa su a buhu ɗaya. Ya san inda kowane abu yake zuwa: gwangwanin lemo a narka shi a zuba tukunya ko a kai masana'anta, gorar ruwa a niƙa ta a wanke a mayar da ita zare ko abin cusa filo, ƙarfe ya tafi kamfanin rodi. Masana sun ce narka tsohon alminiyam yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kacal na wutar da ake buƙata wajen yin sabo daga ma'adini. Ɗan bola bai karanta wannan a littafi ba, amma farashin da yake biya a kilo yana faɗa masa haka. A ba shi rabin awa a gaban aji da buhunsa da sikelinsa, yara za su koyi kimiyya da lissafi a zama ɗaya, kuma za su daina yi masa ihu a hanya.

Na san abin da za a ce: ai cikinsu akwai ɓarayi. Akwai, ba na musu. Akwai masu cire murfin kwalbati da wayar wuta da ƙarfen gada, kuma irin wannan ɓarna ce ta sa hukumar Abuja ta hana yawon bola a cikin birni a Janairun 2025, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Amma wace sana'a ce babu ɓata-gari a cikinta? Mun daina sayen nama ne don akwai mahaucin da ya taɓa sayar da mushe? Kowace unguwa ta san dattijon ɗan gwangwan mai amana, wanda yake sahun gaba a masallaci, wanda yake da yara goma a ƙarƙashinsa. Shi nake nufi. Jawo irinsu cikin makaranta da majalisar unguwa ma hanya ce ta ware gurɓatattun, domin wanda aka ba girma yakan tsare shi.

Wasu kuma za su ce, wato so kake a tura yaranmu bola ke nan. A'a, akasin haka nake nema. Yaranmu suna bola tun tuni, ku je ku gani: almajirai da 'yan shekara goma sha biyu da aka kawo daga ƙauye, ba takalmi ba safar hannu, suna tona allurar asibiti da fasasshiyar kwalba, suna ƙona waya don su ciri jan ƙarfe suna shaƙar baƙin hayaƙin da ke cinye huhu, suna fasa batirin mota da hannu. Abin da ke cikin batirin nan gubar dalma ce, ita ce gubar da ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010 ta hanyar niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, kuma wadda ba ta kashe ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. A 2025 hukumomi sun rufe wasu masana'antun narka batir a Ogijo ta jihar Ogun saboda ita, nan kusa da mu. Lokacin da bolar Olusosun ta kama da wuta a Maris 2018, hayaƙi ya yi kwanaki yana turnuƙe Ojota da kewaye. Wa ya taɓa zaunar da yaranmu ya faɗa musu waɗannan abubuwa? Jahilci ne yake kai yaro ga haɗari, darasi kuwa shi zai nuna masa abin da ake tarawa a gida lafiya lau da abin da ko kusa ba a taɓawa.

Saboda kada a ce na yi ta faɗa ban kawo mafita ba, ga yadda nake ganin darasin, kuma ba ya buƙatar ko sisin wata ƙungiya. Rabin awa a mako ya isa. Abu na farko da za a koyar shi ne ragewa, domin sharar da ba a yi ba ita ce mafi sauƙin kwashewa. A sa yara su yi lissafi da kansu a allo: makaranta mai yara 200, in kowa ya sha fiya-wata biyu a rana, kwana biyar, leda 2,000 ke nan a mako guda. Daga nan a yi maganar zuwa da gora daga gida da ajiye randa ko bokiti mai famfo na ruwa mai tsafta a makaranta, da zuwa sayen koko da kofi maimakon a ƙulla shi da zafinsa a leda, da riƙe jakar cefane guda ɗaya maimakon karɓo baƙar leda biyar a kowane aike.

Na biyu, rarrabewa. Ba sai an sayi kwanduna masu launi ba, tsofaffin buhuna uku sun wadatar: na roba, na gwangwani da ƙarfe, da na takarda da kwali. Abin da ke ruɓewa kuma a haƙa masa rami a gefe in akwai fili, ya zama taki. A sa yara su binne ɓawon ayaba da ledar fiya-wata wuri ɗaya, su tono bayan wata guda su ga wanne ƙasa ta ci. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar waƙa. Na uku, a ƙarshen wata ɗan gwangwan ya zo ya auna a gaban yara, a rubuta kilo da kuɗi a allo, a sayi alli ko sabulu ko butoci da kuɗin, kowa ya gani. Sharaɗi shi ne abin da aka yi amfani da shi a makaranta da gida kaɗai za a kawo, ba a aika yaro yawon tsinta, kuma kuɗin ba ya shiga aljihun kowa.

Na huɗu, a kawo masu sana'a su yi magana. Mahauci daga mayankar Oko-Oba ta Agege ya faɗa wa yara irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki, domin dabbar da ta cika ciki da leda ramewa take yi har ta mutu, kuma dukiyar iyayensu ce. Ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin yadda gwangwani da tsohuwar taya masu riƙe ruwa suke zama gidan sauro, da illar hura gawayi da leda, abin da ake yi a gidajenmu kullum. Na biyar, a sanar da su doka. Legas ta haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, kuma daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya, irin su tsinken shan lemo da kofuna da cokulan roba da leda marar kauri. Iyaye mata nawa ne masu sayar da abinci a cikin gida suka san wannan? Yaron da ya ji a makaranta shi zai kai labari, ya tsare jarin uwarsa daga kamun jami'ai.

Ban wanke gwamnati ba. Akwai layukan da motar shara ba ta taɓa shiga ba, kuma da gwamnatin Legas ta haramta masu kwasar shara a baro a farkon 2018, ba ta kawo wa irin waɗannan lunguna abin da zai maye gurbinsu yadda ya kamata ba. Mutum ya tara shara ya rasa inda zai kai, wannan zalunci ne, kuma haƙƙinmu ne mu yi magana. Amma wa zai saurari wakilin unguwar da yake tsaye a kan tsibin da mutanensa suka tara a cikin kwata? Sarkin Hausawan da ya je ofishin ƙaramar hukuma da takarda yana cewa makarantunmu goma suna rarraba shara, ga abin da muka tara, ku ba mu mota, ba daidai yake da wanda ya je roƙo hannu rabbana ba. Kuma in an cire roba da ƙarfe da kwali an sayar, abin da ya rage a jira wa mota ya ragu sosai.

A ƙarshe akwai wata cuta da ke ƙarƙashin duk wannan, ita ce maganar nan ta “ai ba garinmu ba ne”. Muna zaune da tunanin ɗan ci-rani, wai gobe za mu koma, don haka ba ruwanmu da kwatar Ikko. An kafa Sabo ta Ibadan tun 1916, yau fiye da shekara ɗari ke nan. A Agege akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibi. Yaran da nake magana a kansu da yawansu ba su san wani gida ba sai wannan, a nan za su yi aure, a nan za su nemi abinci, kuma wannan ruwan kwatar shi suke tsallakawa zuwa makaranta. In mu mun ɗauki kanmu matafiya, su ba matafiya ba ne. Wanda kuma zai koma Arewa, me zai kai tsaraba? Ledar da ta cika gonakin Kano da Katsina da Sakkwato tana jiran wanda ya san yadda ake yi da ita.

Don haka ina kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da masu makarantu, kada a jira wata ƙungiya ta zo da riguna. A zauna bayan sallar Juma'a mai zuwa, a zaɓi makaranta ɗaya a kowace unguwa, a nemo buhu uku da dattijon ɗan gwangwan guda, a fara. Iyaye mata, ku ne makarantar farko, don Allah a daina aiken yaro da shara bakin lambatu, a kuma daina zagin ɗa da sana'ar da take ciyar da dubban gidaje. Malamai kuma ku fara da ledar da ke ƙarƙashin bencinku, domin yaro abin da ya gani yake yi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda yake ganin na yi kuskure ya kawo hujjarsa, ƙofa a buɗe take, amma ya fara leƙa kwatar ƙofar gidansa kafin ya zo. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da garin mutane lafiya. Wassalamu alaikum.